Yadda turken sadarwa ke raba iska tsakanin kira, data da sauran ayyuka: tambayoyi da amsoshi

Turke ɗaya ne ke ɗaukar kiran mai sayar da hatsi, da bidiyon ɗalibi, da saƙon na'urar POS, duk a cikin daƙiƙa guda kuma a kan zango guda. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake wannan rabo, daga 2G zuwa 5G, da wuraren da yake lalacewa.

Mene ne ainihin abin da ake rabawa?

Abu uku ne: faɗin zango, lokaci, da ƙarfin wutar da eriya ke fitarwa. Turke yawanci fuska uku gare shi, kowace tana kallon digiri 120, kuma kowace fuska a kan kowane zango ita ake kira sel. Rabon a cikin sel ake yin sa.

A 4G an tsattsaga zango zuwa siraran zaruruwa, tsakanin wannan da wancan kilohaz 15. Zare 12 idan aka haɗa su sun ba da kilohaz 180, shi ne tubali ɗaya, wanda injiniyoyi ke rubutawa PRB. Zango mai megahaz 5 yana da tubali 25, mai megahaz 10 yana da 50, mai megahaz 20 yana da 100. Ana sake rabon tubalan duk milisakan ɗaya, wato sau 1,000 a daƙiƙa. Tubalin da milisakan ɗinsa ya wuce ba a ba kowa ba ya tafi ke nan, ba a adana shi don anjima.

Ga lissafin sel mai megahaz 20. Kowane milisakan yana da alamomi 14 a jere, wato ƙananan yankunan lokaci da ake ɗora data a kansu, don haka gurabe sun kama 100 × 12 × 14, wato 16,800. Idan sigina na da kyau kowane gurbi ya ɗauki bit 6, an samu kimanin megabit 100 a daƙiƙa. Eriya biyu a kowane ɓangare su ninka shi, a cire kusan kashi ɗaya bisa huɗu na saƙonnin sarrafawa, sai a tsaya a wajen megabit 150. Wannan na sel ɗin ne gaba ɗaya. Duk wanda ke ƙarƙashinsa daga tukunyar nan yake ci.

Wa ke yin rabon, kuma da wane ma'auni?

Wata manhaja ce a cikin akwatin da ke gindin turke, a kira ta mai rabo. Ƙa'idojin 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin wayar salula, ba su tsara yadda za ta yanke hukunci ba, an bar wa masu ƙera kayan, irin su Ericsson da Nokia da Huawei da ZTE, kowa da dabararsa. Abubuwan da take dubawa dai kusan iri ɗaya ne: yawan datar da ke jiran kowace waya, tsawon lokacin da ta yi tana jira, darajar aikin, da ingancin siginar wayar.

Ingancin sigina wayar ce ke faɗa da kanta, da lamba daga 1 zuwa 15 da ake kira CQI. A lamba 15 gurbi ɗaya yana ɗaukar bit 5.55, a lamba 1 kuwa bit 0.15 kacal. Tazarar ta kai ninki 36.

Hanyoyin rabo na asali uku ne. Akwai bi-da-bi, kowa ya samu tubali daidai da na ɗan'uwansa. Adalci ne a ido, amma jimillar abin da sel ke fitarwa tana faɗuwa. Akwai ba mai ƙarfin sigina duka, jimilla ta yi sama, na nesa su kwana da yunwa. Ta uku, wadda aka fi amfani da ita, tana raba abin da waya za ta iya karɓa a wannan milisakan da matsakaicin abin da ta samu a baya-bayan nan, wanda amsarsa ta fi girma shi ne da rabo. Wanda ya daɗe bai samu ba matsakaicinsa yana raguwa, amsarsa ta hau, layi ya zo kansa.

Sandunan sabis a cike suke amma data ba ta motsi. Me ke faruwa?

Sanduna ƙarfin siginar turke suke nunawa. Ba sa nuna yawan mutanen da ke layi, ba sa kuma nuna katsalandan daga turakun maƙwabta. A kasuwa irin Kantin Kwari da tsakar rana, ko filin Idi da an sallame, waya tana iya jin turke raɗau alhali tubala 100 ɗin mutum ɗari uku ke jiransu.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Wanda ke can cikin shago mai rufin kwano da bangon siminti, CQI ɗinsa 3, idan ya buɗe bidiyon da ke son megabit 2, zai ci tubalan da za su ishi mutum goma sha wani abu da ke tsaye a fili su kalli bidiyon nan. Mutum kaɗan masu raunin sigina sun isa su cika sel. Shi ya sa idan janaretan wani turke ya mutu, unguwannin da ke kewaye ma sukan ji a jikinsu: wayoyin da suka rasa turkensu sun koma kan na maƙwabta daga nesa, kowace tana cin rabon mutum da yawa.

Ta yaya turke ke gane wannan kira ne, wancan bidiyo?

Ba ya buɗe ƙunshin data ya leƙa. Cibiyar kamfani ce ke buɗe wa waya bututu daban-daban, kowane da lambar daraja da ake kira QCI a 4G, 5QI a 5G. Lambar tana ɗauke da fifiko, da jinkirin da za a iya jurewa, da yawan ƙunshin da aka yarda ya ɓace.

QCI 1 na murya ne: jinkiri kada ya wuce milisakan 100, an yarda ƙunshi 1 cikin 100 ya ɓace, kuma an lamunce masa gudun da yake buƙata. QCI 2 na kiran bidiyo ne, milisakan 150. QCI 5 na saƙonnin da ke ƙulla kira da katse shi ne, shi ya fi kowa fifiko a cikin tara na farko, har ya fi muryar kanta, tunda idan bai isa ba wayar ma ba za ta yi ƙara ba. QCI 8 da 9 na intanet ɗin yau da kullum ne: milisakan 300, ɓacewa 1 cikin miliyan, babu lamunin gudu ko kaɗan.

A lura da bambancin. Murya tana jure ɓacewa amma ba ta jure jira, domin kalmar da ta iso a makare ba ta da amfani. Fayil kuwa zai jira, amma bit ɗaya ya lalace sai an sake aikowa.

To kiran WhatsApp fa?

A wurin turke data ne kamar kowace data. Yana bin bututun intanet, galibi QCI 9 ko 8, layi ɗaya da mai sauke fim. Idan sel ba cunkoso ba za ka ji bambanci ba. Idan ya cika, muryar WhatsApp ce ke fara yankewa, kiran layi ta VoLTE, wato kiran murya a kan 4G, kuwa ya wuce lafiya a kan turken nan.

Kiran VoLTE nawa yake ci daga sel?

Kaɗan ne, muddin an saita shi daidai. Da tsarin murya na AMR-WB a kilobit 12.65, waya tana fitar da ƙunshi ɗaya duk milisakan 20, mai bit 253. Matsalar ita ce kan ƙunshin, wato adireshi da lambobin jeri, bayit 40 ne a IPv4, 60 a IPv6, ya fi muryar kanta nauyi. Ana matse shi da ROHC ya dawo bayit 3 ko makamancin haka. Idan ba a kunna ROHC ba, kowane kira ya ninka nauyinsa a banza, kuma na bakin iyakar sel su ke fara faɗuwa.

Ƙunshin da aka matse, bit 300 da ɗoriya, tubali ɗaya ya ishe shi a sigina mai kyau. A CQI 4 yana son kamar tubali 5, a CQI 2 ya haura 10. Lokacin da mutum ya yi shiru yana sauraro, ƙaramin ƙunshi kawai ake aikawa duk milisakan 160.

Abin da ya fi ƙarewa da wuri ba tubalan data ba ne, wurin sanarwa ne. Kafin a ba waya tubali sai an sanar da ita ta tashar PDCCH, wadda ke cin alama 1 zuwa 3 na farkon kowane milisakan. A megahaz 20 guraben sanarwarta, waɗanda daban suke da guraben data, sun ɗan haura 80. Waya mai sigina mai kyau gurbi 1 ko 2 take ci, ta nesa 8. Ke nan idan na nesa sun yi yawa, waya goma ce kawai za a iya kira a milisakan ɗaya, ko da rabin tubalan data na zaune ba kowa. Maganin da aka tanada wa murya shi ne SPS: a sanar da waya sau ɗaya cewa tubali kaza nata ne duk milisakan 20 har ta gama magana.

Wayar da ba ta da VoLTE, ko layin da ba a buɗe masa ba, idan kira ya shigo sai a sauke ta zuwa 3G ko 2G. Shi ne dalilin da alamar 4G ke ɓacewa lokacin kira, data ta ja baya ko ta tsaya cak.

Idan sel ya cika maƙil, wa ake hanawa?

Mataki biyu ne. Na farko a bakin ƙofa: bututun da ke son lamunin gudu sai an duba ko akwai wurinsa kafin a buɗe. A nan wata lamba ce ke aiki, ARP, daga 1 zuwa 15, 1 ce babba. Tana tafe da amsa biyu: wannan bututu zai iya korar wani? Shi ana iya korarsa? Kiran gaggawa irin na 112 ana ba shi ARP babba da ikon kora. ARP ba ta da hannu a rabon kowane milisakan, aikinta shiga da fita kawai.

Na biyu tun kafin ƙofa. Kowane layin waya yana cikin wani aji daga 0 zuwa 9, aji 10 na kiran gaggawa ne, 11 zuwa 15 na ma'aikatan kamfani da jami'an tsaro da makamantansu. Turke yana iya shelanta cewa ajin talakawa su jinkirta neman shiga na wasu daƙiƙoƙi. Ana yin haka a taro irin na Mina da Arfa ko filin ƙwallo, inda neman shiga kaɗai ya isa ya toshe sel kafin a aika ko bit ɗaya.

Me ya sa lambar tura kuɗi ta banki ke ƙin tafiya ranar kasuwa, alhali ba ta cin data?

Irin wannan lamba ita ake kira USSD, tsohuwar hanya ce ta 2G da 3G. A 2G kowane zango mai kilohaz 200 an raba shi gida 8 na lokaci. Gida ɗaya yana ɗaukar kira ɗaya, ko biyu idan an rage ingancin murya. Ana ware gida ɗaya ko biyu a tsaga kowane zuwa ƙananan tashoshi 8 da ake kira SDCCH, kuma ta nan ake ƙulla kira, a aika tes, waya ta sanar da inda take, USSD ma ta nan yake bi.

Ƙulla kira yana riƙe tashar na 'yan daƙiƙoƙi ne ya saki. Mai tura kuɗi kuwa yana riƙe da ita yana karanta jerin zaɓi, yana laluben lambar asusu a takarda, yana sa lambar sirri. Mutum takwas irinsa sun cinye gida guda. Daga nan har kira ba zai shiga ba, ko da gidajen murya na nan a buɗe. Gyaran shi ne a ƙara gidajen SDCCH ko a kunna tsarin da ke mai da gidan murya SDCCH idan an matsu. Wani lokacin kuma iska lafiya lau take, na'urar banki ce ba ta amsa ba, turke ba shi da laifi.

Me zai hana a yanka wa kowane aiki nasa kason ya tsaya a kai?

Asara ce ke hanawa, kuma lissafinta ya girmi wayar salula. Da jadawalin Erlang B, idan an yarda kira 2 cikin 100 su tarar da layi a cike, tasha 15 tana ɗaukar nauyin Erlang 9.0, wato matsakaicin kira 9 a lokaci guda. Rukuni biyu masu tasha 15 kowanne sun ba da 18.0. A zuba su wuri ɗaya su zama 30, sai su ɗauki 21.9. Ba a ƙara ko tasha ɗaya ba, katangar tsakiya kawai aka rushe. Dalili shi ne ayyuka ba sa cika a lokaci guda. Sa'ad da wannan ke hutawa wancan na iya cin rabonsa.

Saboda haka abin da ya fi dacewa a yawancin sel shi ne tukunya ɗaya da fifiko. Kason dindindin sai inda jiran milisakan kaɗan ma ɓarna ne.

Mene ne yanka netwok a 5G, kuma ya bambanta da QCI?

QCI yana bambanta bututu da bututu. Yanka yana bambanta rukunin masu amfani gaba ɗaya, tun daga iska har cibiya. Kowane yanki yana da lamba, S-NSSAI, mai kashi biyu: bit 8 na nau'in aiki da bit 24 na bambance masu nau'i ɗaya. Nau'i 1 na intanet mai gudu ne, 2 na ayyukan da ba sa jure jinkiri, 3 na tarin ƙananan na'urori, 4 na motoci. Waya ɗaya tana iya shiga yanki har 8.

A iska ana saita wa yanki kaso uku. Akwai keɓaɓɓe, wanda ko yankin ba ya amfani da shi ba a ba kowa. Akwai mafi ƙaranci, wanda nasa ne idan ya nema, idan bai nema ba wasu su ara. Akwai mafi yawa, iyakar da ba zai wuce ba. Misali a sel mai tubali 273, a ba wani yanki keɓaɓɓe kashi 5, mafi ƙaranci 20, mafi yawa 50 cikin ɗari: tubali 14 sun fita daga hannun jama'a dare da rana, kimanin 41 kuma aro ne da za a karɓe da zarar mai shi ya zo. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika keɓaɓɓe don a burge abokin ciniki, a wayi gari sel na kukan cunkoso alhali kashi ɗaya bisa uku nasa na zaune.

Yanka na gaskiya sai da cibiyar 5G mai cin gashin kanta. 5G da ke jingine da cibiyar 4G, wanda da shi yawancin kamfanoni suka fara, QCI yake bi.

Tubali 273 ɗin nan shi ne abin da megahaz 100 ke bayarwa idan tazarar zare kilohaz 30 ce. Irin wannan faɗin ne hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonsa a zangon gigahaz 3.5 a Disamban 2021, MTN da Mafab kowanne ya samu a kan dala miliyan 273.6, Airtel ya biyo baya da nasa.

Yaya ake saka aikin gaggawa a tsakiyar rabon da an riga an yi?

Burin da aka sa wa ayyukan da ba sa jure jinkiri a 5G shi ne ƙunshi mai bayit 32 ya isa cikin milisakan 1, sau 99.999 cikin ɗari. A kilohaz 30 zagayen rabo rabin milisakan ne, jiran zagaye na gaba ma ya yi tsawo. Sai aka ƙirƙiro guntun zagaye mai alama 2, 4 ko 7, aka kuma ba turke izinin ya huda rabon da ya riga ya ba mai sauke fayil ya cusa na gaggawa. Daga baya ya sanar da mai fayil inda aka huda, don ya zubar da wannan ɓangaren a sake aiko masa. Tsadarsa biyu ce: mai fayil ya yi asara, kuma ƙunshin gaggawa ana aika shi da kariya mai kauri, yana cin tubala fiye da girmansa.

Mitocin wuta da na'urorin bin sawun mota fa?

An yi musu NB-IoT, tsarin sadarwa na ƙananan na'urori, a 2016. Tubali ɗaya tak yake ci, kilohaz 180, a cikin zangon 4G, ko a gefensa, ko a tsohon gurbin 2G. Don ya kai ga mitar da ke cikin rami yana maimaita saƙo har sau 128 daga na'ura, 2,048 daga turke. Na'urori kaɗan masu irin wannan maimaici sun isa su riƙe tubalin. Haɗari na biyu shi ne a saita dubban mitoci su yi rahoto ƙarfe 12 na dare daidai, ko wuta ta dawo duk su farka tare. A warwatsa lokutan rahotonsu.

4G da 5G za su iya zama a zango ɗaya?

Za su iya, da DSS, inda ake raba tubalan tsakaninsu gwargwadon buƙata. Sai dai 4G yana watsa siginar shaida a kowane tubali ko ba kowa, gurbi 16 cikin 168 idan eriya biyu ce, 24 idan huɗu, dole 5G ya kewaye su. A ƙara wurin sanarwar kowannensu, sai 5G ya tsira da alama 11 cikin 14. Alamar 5G za ta fito a waya, gudun kuwa na 4G ne ko ƙasa da shi kaɗan.

Me ya sa ɗora bidiyo ya fi sauke shi wahala?

A zangon gigahaz 3.5 hawa, wato daga waya zuwa turke, da sauka, daga turke zuwa waya, zango ɗaya suke bi, lokaci ake raba musu. Tsarin da ya yaɗu shi ne zagaye uku na sauka, ɗaya gauraye, ɗaya na hawa, a maimaita duk milisakan 2.5. Hawa ya samu kusan kashi ɗaya bisa biyar. Kamfani ba zai sauya wannan shi kaɗai ba, domin idan turkensa na sauraro lokacin da na maƙwabcinsa a zango ke magana, zai kurmance. Ga kuma ƙarfi: waya miliwat 200 take fitarwa, turke gomman wat. Wayar da ke nesa ko an ba ta tubala 50 ba ta da wutar cika su.

Idan ana ƙorafin sel, me injiniya zai fara dubawa?

Ya ɗauki sa'ar da ta fi cunkoso, kada ya ɗauki matsakaicin yini, wanda ke ɓoye komai. Ya duba kason tubalan da ake ci, hawa daban sauka daban. Idan ya zauna sama da 80 cikin ɗari jira ya fara tsawo. Ya duba cikar PDCCH. Ya duba yadda CQI ya rarrabu: idan yawanci ƙasa da 7 suke, matsalar sigina ce, a gyara karkatar eriya ko a rage shigar turakun maƙwabta kafin a yi maganar sayen zango. Ya duba yawan sake aikawa, wanda ake saita shi a kusan 10 cikin ɗari a aikawar farko.

Idan duk waɗannan lafiya, ya koma kan hanyar da ta haɗa turke da cibiya. Fifikon QCI a iska yake ƙarewa sai an fassara shi zuwa alamar DSCP, lambar fifiko da ake sa wa ƙunshi a wannan hanya, murya ta samu 46. Inda aka manta da wannan, ko wata na'ura a hanya ta goge alamar, murya da fim layi ɗaya za su bi. An fi ganin haka ranar da masu aikin titi suka tsinke wayar faiba, turaku goma suka koma kan faranti ɗaya na maikurowef da aka tanada wa uku.